Gabas Ta Hau, Yamma Ta Sauka

Ku da kuka fito daga makarantar horon malamai bana, na ji hirarku jiya a ƙofar gida kuna shan shayi. Wai duk cikin darussa babu mai sauƙin koyarwa kamar lissafi, tunda biyu da biyu huɗu ne a Garwa, huɗu ne a Yawunde, kuma babu ruwansa da kowa. Malamin tarihi ne zai riƙa auna bakinsa, in ji ku. To ku jawo tabarmar nan kusa, muryata ba ta zuwa nesa yanzu.

Ranar da na fara aiki ba alli aka ba ni ba, bokiti aka ba ni. Allon ajinmu bango ne da aka shafe da siminti, kuma hutun damina ya sa ya koɗe har ya koma ruwan toka. Sai ka tara tsoffin baturan tocila, ka fasa su da dutse, ka kwashe baƙin garin da ke ciki, ka kwaɓa shi da ƙaro da ruwa kaɗan, sannan ka bi bangon da tsumma daga sama zuwa ƙasa. In ƙaro ya yi yawa allo zai riƙa ƙyalli, yaran da ke bakin taga ba za su ga komai ba. In ya yi kaɗan, kafin a fita tara hannun rigarka ya zama na maƙeri. Sai da na wanke na sake har sau uku kafin wanda ya ba ni bokitin ya goga yatsa a bangon, ya duba yatsan, ya gyaɗa kai.

Sunansa Musyu Daniyel, Musyu ɗin kamar a ce Malam ne da Faransanci. Mutumin dutse ne daga wajen Mokolo, Kirista, gajere, mai faɗin kafaɗa kamar wanda aka haifa don ɗaukar kaya. 'Yan mishan suka sa shi a lakwal, wato makarantar boko, ya yi karatu har kudu, ya dawo arewa yana koyar da lissafi a manyan azuzuwa. Yana jin yarensu, yana jin Fillanci, Faransancinsa kuwa ko Bature sai ya saurara. Da ni Hausa yake yi, Hausar kasuwar Mokolo, wadda ba ta bambanta mace da namiji. Ni ɗan gidan fatake ne. Kakana ya zo daga Kano da jakuna, ya zauna a bakin Binuwai bai koma ba. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ƙanen mahaifiyata Kawu Ila ya riƙe ni, shi kuwa motocin kaya gare shi da ke bin hanyar Ngawundere zuwa Marwa. Da na gama karatu da ƙyar, aka ɗauke ni mataimakin malami, aka ce in riƙe ƙananan azuzuwa, in kuma riƙa zama a bayan ajin Musyu Daniyel ina kallo.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai kamfas na katako mai tsawon kamu, da ƙusa a ƙafa ɗaya, alli a ɗayar. Akwai doguwar rula, da kusurwar katako ta fitar da layi a tsaye. Alli kuwa ƙidaya shi ake yi a ba ka daga ofishin direkta, in ya ƙare kafin wata ya mutu kai ka sani. Musyu yana ajiye guntayen a gwangwanin madara, ba ya yar da ko wanda bai kai ƙwayar gyaɗa ba. A bazara gumi ke jiƙa allin a hannunka ya ƙi rubutu, saboda haka yakan rataya tsumma biyu a ƙugu, ɗaya na allo ɗaya na hannu. Ya hana ni taɓa rula har tsawon zangon karatu guda. Ya ce, "Lawal, ranar da yara suka ɓoye maka rula, da me za ka ja layi? Ja da hannu." Bayan an tashi nakan tsaya ni kaɗai ina jan layi daga wannan gefen allo zuwa wancan, yana zaune yana gyaran takardu, ko ɗaga kai ba ya yi sai ya ce, "Ya karkace." Kuma in na ja da baya na duba, ya karkace ɗin.

Abin da ya fi koya mini shi ne yadda ake ba yaro baya ba tare da ka rasa shi ba. Malamin lissafi rabin ransa yana fuskantar bango. Dole kunnenka ya san ƙarar benci in an miƙa wasiƙa, ya san shirun fahimta da shirun ɓata. Wannan babu littafin da ya rubuta shi.

Iyayen yara su ne masu cinikinmu, kuma ba su da sauƙi. Akwai Alhaji Mamuda mai tireda, wanda ya shigo makaranta wata safiya da littafin ɗansa a hannu, babbar riga na jan ƙasa. Ya buɗe shafi ya nuna wa Musyu zanen wani layi mai lanƙwasa. Ya ce, "Musyu, na kawo yaro ya koyi lissafi don ya riƙe mini shago. Na buɗe na ga ƙwarya. Nan ma ƙwarya, nan ma ƙwarya. In ƙwarya nake so, ai uwarsa na da su jere a ɗaki." Musyu bai yi dariya ba. Ya ɗauki ɗan dutse ya jefa sama a tsakar makaranta, ya ce, "Alhaji, bi shi da ido." Dutsen ya tashi, ya lanƙwasa, ya faɗo. Ya ce, "Me ya zana?" Alhaji ya ce, "Ƙwarya a kife." Musyu ya ce, "To ɗanka zai iya gaya maka inda zai faɗi tun bai bar hannuna ba." Alhaji ya ce shi dai bai ga inda wannan zai sayar da sabulu ba, amma ranar Juma'a ya aiko masa da kwalin sukari. Tun daga nan suke gaisawa.

Yanzu bari in zo kan darasin. Kun san shi, kuna ma cewa na minti kaɗan ne. Turawa na ce masa fonction paire da fonction impaire, wato kamar cika da mara da muke yi a wasan yara. A allo ana jan layi biyu, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, su gitta juna a tsakiya. Sunayen da littafi ya ba layukan nan ba sa zama a kan yaro. Amma babu yaron Garwa da bai san gabas ba, ko don salla. Saboda haka Musyu ya mai da allon kamar taswira. Hannun dama gabas, hannun hagu yamma, tsakiya sifili. Ita fonksiyon, in ji shi, injin niƙa ce, ka zuba mata lamba ta fitar maka da wata. Lambar da ka zuba ita ce takun da za ka yi zuwa gabas ko yamma, wadda ta fito ita ce za ta gaya maka ko hawa za ka yi ko sauka.

Sai ya ɗauki injin da ke ninka lamba da kanta. Taku biyu gabas, ka hau huɗu. Taku biyu yamma, nan ma ka hau huɗu. Ya haɗa ɗigogin, ƙwaryar Alhaji Mamuda ta fito. Ya zana ta a takarda da tawada, ya ninke takardar a kan layin tsaye, ya ɗaga ta wajen taga, yara su ga gefen biyu sun hau kan juna babu saura. Wannan ce cika. Sannan ya ɗauki injin da ke ninka lamba da kanta sau uku. Taku biyu gabas, ka hau takwas. Taku biyu yamma, ka sauka takwas. Zanen ya fito kamar macijin da ya ɗaga kai a gabas ya sauke wutsiya a yamma. In ka ninke wannan ba za ta haɗu ba. Sai ya soka allura a tsakiya, ya juya takardar har sama ta koma ƙasa, sai ga maciji ya kwanta daidai inda yake da. Wannan ce mara. Inda yara ke faɗuwa kullum shi ne su ɗauka kamar lamba ce, in ba cika ba to mara. Sai ya zana musu ta uku da ta huɗu waɗanda ba sa ninkuwa, ba sa juyuwa, ya ce, "Mafi yawansu ba su nan, ba su can. Gwada kafin ka rantse."

Don kada su manta ya yi musu 'yar waƙa da Faransanci, da tafi. Gabas ta hau, yamma ta hau, cika. Gabas ta hau, yamma ta sauka, mara. Shekara da shekaru yana koyar da shi haka. Akwai likitoci da injiniyoyi a ƙasar nan da in ka tashe su daga barci za su rera maka ita.

Ku ba ku ga lokacin ba, don haka sai na gaya muku. Bayan samun 'yanci ƙasar nan kashi biyu ce a ƙarƙashin tuta ɗaya. Akwai Kamaru ta Gabas, mu masu Faransanci, akwai Kamaru ta Yamma, masu Ingilishi, kowace da 'yar gwamnatinta. Sai aka yi ƙuri'a aka narke su wuri ɗaya, aka daina kiran waɗancan sunaye. An ce kowa ya yi murna. Abin da mutanen yamma suka ji a ransu kuwa ba a tambaya, ba a kuma faɗa, don zamani ne da mutum kan duba bayansa kafin ya ce gero ya yi tsada. Mu a ajin lissafi ko a jikinmu. Wallahi ko sau ɗaya bai taɓa zo mini a rai ba cewa gabas ɗin allonmu tana da wata 'yar'uwa a waje.

A shekarar da ta biyo bayan ƙuri'ar, Musyu ya koyar da darasin kamar kullum. A makon ne aka kwashe makarantu zuwa babban fili don gwajin fareti, saboda manyan baƙi za su zo daga Yawunde. Aka jera yara a rana tun hantsi ana jiran wanda zai duba su. Yara in sun gaji sai waƙa. Akwai wata yarinya a ajin Musyu, Asta, 'yar wani masinja a ofishin gwamnati, ita ce ta ɗaya a lissafi kuma ga murya. Ita ta fara tafa waƙar darasin nan. Ajin ya amsa. Kafin ka ce me, makarantar da ke kusa da mu ta ɗauka ba tare da sanin ma'anarta ba, don waƙar na da daɗin taka ƙafa. Ina tsaye a gefe ina murmushi, ina cewa a raina bana kam babu wanda zai faɗi wannan tambaya. Ɗaruruwan yara, a gaban rumfar manya, suna taka ƙasa suna cewa gabas ta hau, yamma ta sauka.

Na ga wani mutum a rumfar ya miƙe tsaye. Na ga ya sunkuya ya yi wa na kusa da shi magana. Ko a lokacin ban gane ba.

Washegari da safe ina zaune a bayan ajin, Musyu yana allo yana zana macijin nan don bita. Ya gama gefen gabas, hannunsa ya wuce tsakiya ya fara gangarawa, sai direkta ya leƙo, fuskarsa kamar an yayyafa mata toka. A bayansa mutum biyu ne cikin kayan gida. Ɗaya ya ce, "Musyu Daniyel? Zo mu ɗan yi magana." Musyu ya ce, "Bari in ƙarasa layin." Mutumin ya shigo har gaban allo ya kama hannun da ke riƙe da allin ya murɗa shi baya. Allin ya faɗi ya karye. A gaban yara aka tura shi waje, tsummokinsa biyu na lilo a ƙugu. Muka ji an rufe ƙofar mota. Babu yaron da ya yi motsi. Ni ma ban san tsawon lokacin da na ɗauka a zaune ba, sai da aka buga ƙarfen fita tara na ga ashe alƙalamina na hannu a buɗe, tawada ta jiƙa mini wando.

Kwana biyu bayan haka aka aiko a kira ni. Wani gida ne marar allon suna a bayan unguwar ma'aikata. Wanda ya karɓe ni mutum ne mai tsabta, da tabarau, mai ladabi har ya ja mini kujera. A gefe wani na zaune gaban keken rubutu. Ya ce, "Malam Lawal, kai ɗan gari ne, mun san gidanku, mun san kawunka da motocinsa. Taimaka mana kawai. Wannan waƙa, me take nufi?"

Har na ji sanyi a raina. Na ce ashe rashin fahimta ce, yanzu za a warware. Na roƙi takarda, na ja layuka biyu, na zana ƙwarya, na ninke, na zana maciji, na juya. Ban taɓa koyar da darasi da kyau kamar ranar ba. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai.

Ya ce, "Na gode. Amma me ya sa yamma ce ke sauka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba kullum ba ne. In aka sa alamar ragi a gaba, sai gabas ta sauka, yamma ta hau."

Ya cire tabarau. Ya juya wajen mai keken rubutu ya ce, "Rubuta. Ya ce akwai hanyar da gabas za ta sauka yamma ta hau." Keken ya fara ƙara.

Na ce, "Ranka ya daɗe, lamba ce fa, lamba nake nufi."

Ya ɗora yatsa a tsakiyar takardar, inda layukan suka gitta. Ya ce, "Wannan ɗigon da ke riƙe da gabas da yamma, wanda komai ke juyawa a kansa, yaya kuke kiransa a aji?"

Na ce, "Sifili."

Ya maimaita a hankali, "Sifili. Wanda ke tsakiya, yana riƙe da gabas da yamma, sifili ne." Ya ɗaga ido ya dubi hoton shugaban ƙasa da ke rataye a bango, sannan ya dube ni. "Shekara nawa yana koya wa yara haka?"

Na dubi takardar da na zana da hannuna. Duk amsar da na bayar gaskiya ce, ko a gaban wa zan sake faɗinta, kuma kowace ɗaya sai ta zama ƙusa a jikin mutumin da ya koya mini riƙon alli. Daga nan ya yi ta tambaya ina cewa ban sani ba.

Kafin la'asar aka sake ni. Ba wayona ba ne. Kawu Ila ne ya tattaro dattawan unguwa suka je suka zauna a ƙofar wani babba har ya fito. Muna shiga zaure Kawu ya juyo wajena. Ya ce, "Lawal, kai kana da mu. Shi wa yake da shi a garin nan? Ka rufe bakinka, ka ji ko?" Na ce, "To, Kawu."

Ashe Musyu yana da mutum ɗaya. Alhaji Mamuda ya sa babbar rigarsa ya tafi gidan nan marar suna shi kaɗai. Ya ce musu shi bai yi boko ba, amma ya san mutumin, ƙwarya kawai yake zanawa, in jingina ake so ga shagonsa. Suka bar shi tsaye a rana har azahar, sannan wani ya fito ya tambaye shi ko takardun kayan da yake shigowa da su daga Najeriya sun cika. Ya dawo gida ya kwanta ciwo. Direkta ma ya gwada, a ba shi haƙƙinsa. Ya kai musu littafin da aka bugo a Faransa, ya nuna musu ga ƙwarya ga maciji, darasi ne na gwamnati. Suka duba suka ce, "Littafin bai ce gabas ba, bai ce yamma ba. Wa ya ƙara?"

Aikin da aka ba ni a makon nan shi ne mafi muni a duk shekarun da na yi ina koyarwa. Aka ce in bi benci benci, kowane yaro ya buɗe littafin rubutunsa, in yage shafukan darasin. Yara masu tsabtar aiki, sun ja layi da jan alƙalami, wasu sun liƙa takardar da suka ninke. Na tara su a bokitin da nake kwaɓa baƙin allo, aka kai tsakar makaranta, mai gadi ya ƙyasta ashana, ɗaya daga cikin mutanen nan biyu yana tsaye yana kallo. Aka ce in wanke allon da ruwa. Aka ce babin nan a tsallake shi bana. Sannan, tunda babu wani malami, aka ce in riƙe ajin, ni da na ci jarrabawar da ƙyar.

Asta ba ta sake zuwa ba. Na je gidansu, mahaifinta ya tare ni a waje bai ko ba ni tabarma ba. Ya ce da Fillanci, "Malam, don Allah ka tafi. An kira ni an tambaye ni wa ya koya mata. Ina da 'ya'ya bakwai, aikin nan shi ne abincinsu." Na ce yarinyar ita ce ta ɗaya, saura 'yan watanni jarrabawa. Ya ce, "Da ta zo ta ƙarshe da yanzu ina barci." Daga baya nakan gan ta a kasuwa tana taya uwarta sayar da busasshen kifi. In ta hango ni sai ta sunkuyar da kai.

Matar Musyu, Madam Marta, an ba ta kwanaki kaɗan ta fita daga gidan gwamnati. Ta je ofis ofis tana tambaya inda aka kai shi, kowa ya ce bai san da maganar ba. Kawu Ila, wanda ya ce in rufe baki, shi ne ya karkatar da motarsa ɗaya da ke zuwa Marwa, ya ce wa direba ya bi ta Mokolo, kuma kada ya karɓi ko sisi. Ni na taya ta ɗaura kaya. Gado, tukwane, 'ya'ya uku, da akwatin littattafai. Da za ta hau ta miƙo mini kamfas ɗin katakon ta ce, "Ƙanena, riƙe wannan. In na kai shi dutse, wuta za a hura da shi."

Da jarrabawa ta zo daga Yawunde, tambaya ta biyu ita ce a nuna ko wannan fonksiyon cika ce ko mara. Ina cikin masu tsaro a wani ɗaki. Na ga yaranmu sun karanta, sun ɗago kai, sun dubi juna. Sun san amsar, na rantse sun sani, na ga leɓunan wasu na motsi. Da yawansu suka bar wurin fari, suna tsoron ko tarko ne. Ɗan Alhaji Mamuda na cikinsu. A shekarar ajin da ba ya faɗuwa ya faɗi warwas.

Damina biyu ta wuce, ta uku ta kama, sannan wani direban Kawu ya ce mini ya ga Musyu a kasuwar Mokolo. Na jira hutu na bi mota. Ranar kasuwa ce, mutanen dutse sun sauko da awaki da tukwane. Na zaga har na gaji kafin na gan shi a ƙarƙashin wata bishiya, zaune a kan dutse, da igiyoyin rama jere a gabansa. Na wuce shi sau ɗaya ban gane shi ba. Kafaɗun nan sun zube, gashinsa ya yi fari, haƙoransa na gaba babu. Madam Marta ce ke karɓar kuɗi, don yatsun hannunsa na dama sun ƙandare a lanƙwashe, ba sa buɗuwa. Ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. Wata rana dai aka buɗe ƙofa aka ce ya tafi, kada a sake ganinsa kusa da makaranta.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni ya ce, "Lawal. Ka yi ƙiba." Bai ce komai a kan inda ya je ba, ni ma ban tambaya ba. Ya tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, wa ya ci, wa ya faɗi. Da na gaya masa labarin Asta ya daɗe yana kallon igiyoyinsa.

Can ya ce, "An dawo da babin?"

Na ce, "An dawo da shi bara, Musyu."

"Da me kake koyar da shi?"

Na ce, "Dama da hagu nake cewa. Dama ta hau, hagu ta sauka."

Ya waiga gefe da gefe. Ya kama wuyan rigata da hannunsa mai lafiya ya jawo ni har na ji numfashinsa a kunnena. Ya ce, "Kai mahaukaci ne? Da Faransanci kake cewa hagu? Ba ka san su wa ake kira 'yan hagu a siyasa ba? Ba ka san wa ake kira na dama ba?"

Na yi dariya, ina jiran shi ma ya yi, don da can mutum ne mai barkwanci a ƙarƙashin ɗaurarriyar fuska. Bai yi ba. Hannunsa na nan damƙe a wuyan rigata, gumi ya keto masa. Madam Marta ta zo ta ɓamɓare yatsunsa daga rigata a hankali, ta ce, "Ƙanena, rana ta yi, kada motarka ta tashi." Wani ya tsaya yana taya igiya, Musyu ya juya wajensa, bai sake duban inda nake ba.

Da aka koma makaranta, ranar da babin ya zo, na ja layuka biyu a allo, na ɗora alli a gefe ɗaya, na buɗe baki. Gabas ba ta faɗuwa. Dama ba ta faɗuwa. Arewa da kudu kuwa ko kusa. Yara na jira, ina tsaye ina ba su baya. Daga ƙarshe na buga allin a wannan gefe na ce, "Nan." Na buga a wancan na ce, "Can. In nan ta hau, can ta hau, cika. In nan ta hau, can ta sauka, mara." Haka na koyar da shi har aka canza gwamnati, har na yi ritaya, ko bayan da babu sauran mai sauraro a bakin taga.

Kun sha jin tsofaffin ɗalibaina na kirana Musyu Nan-da-can a hanya, na ga kuna ƙunshe dariya, kun ɗauka don ina yawan yawo ne. To daga nan sunan ya fito. Ku ɗauke kofunanku, an kira salla.